Kicin Na Hoto Da Kicin Na Tuwo

A sababbin gidaje da dama na Kano, Kaduna da Abuja akwai ɗakin da ake nuna wa baƙo da alfahari: kabad-kabad farare har sama, kanta ta dutse mai sheƙi a tsakiya, fitilu na reto a kanta. Amma idan baƙon ya zagaya bayan gida, zai tarar da uwargida ko 'yar aikinta a kan kujera 'yar tsugunno, ta dafe tukunya a kan murhun gawayi tana tuƙa tuwo a ƙarƙashin rumfar kwano. An kashe miliyoyi a ɗakin farko, abincin gidan kuwa daga rumfar yake fitowa. Wannan asara ce, kuma ba a ranar da magini ya kama aiki ake tafka ta ba. Ana tafka ta tun ranar da maigida ya miƙa wa ɗan kwangila waya ya ce, "Irin wannan nake so."

Kicin ɗin da ke cikin wayar yana da asali, kuma asalinsa darasi ne. A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Austriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus wani ɗan madafi mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, aka kuma gina kusan 10,000 irinsa. Kafin ta ja layi sai da ta nazarci yadda ake aikin girki a gidajen, ta auna lokaci da zirga-zirgar mai girki. A shekarun 1940 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka suka daidaita ƙa'idar kusurwa uku, wato a rage tazara tsakanin murhu, wurin wanke-wanke da firji. Duka biyun an yi su ne don mutum ɗaya mai girki, yana dafa wa ƙaramin iyali, a gidan da famfo da lantarki ba sa yankewa. Abin koyi a wurinsu shi ne sun fara da kallon mai girki. Wanda ya kwafi siffar ya bar wannan, ya ɗauko ɓawo ya bar ƙwaya.

Girkin gidan Bahaushe yana da nasa sharuɗɗan. Tuwon mutum goma sha biyar ba ya tuƙuwa a kan kanta mai tsayin santimita 90, domin muciya tana buƙatar mai tuƙi ya fi tukunya tsayi ya sa nauyin jikinsa. Suyar manja da tattasai tana tayar da hayaƙin da na'urar zuƙe hayaƙi ta ado, wadda ba ta da bututun fita waje, ba za ta iya da shi ba. Shinkafa da masara a buhu ake sayensu, man gyaɗa a jarka, doya da albasa suna son iska, don haka sito ya fi kabad goma amfani. Ƙurar hunturu ba ta raga wa buɗaɗɗen kanta. Katakon garin itace da ake matsewa, wanda ake yin yawancin kabad na zamani da shi, yana kumbura da zarar ruwa ya zauna masa, ga kuma gara tana jira. Sannan ga ranakun da tsari ke nuna ingancinsa: azumi, Babbar Sallah da namanta, suna da biki, lokacin da mata biyar ko shida ke aiki a wuri ɗaya. Kicin ɗin da bai yi tanadin waɗannan ba, hoton wani gida ne aka liƙa a bangon wani.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a wannan harka mai ɗakin ce ake mantawa. Al'ada ta raba aikin gida biyu: namiji ya gina, iyayen amarya su yi jere. Saboda haka maigida da ɗan kwangila ke yanke shawarar inda murhu zai zauna da inda taga za ta fuskanta, su biyun kuwa babu wanda ya taɓa kwashe tuwo. Sai an gama a kira uwargida ta zaɓi launin fenti. Matakin farko na gyaran kicin ba ya cin ko kwabo: a zauna da wadda ke girki, da mai taya ta idan akwai, a rubuta abin da ake dafawa cikin mako, mutum nawa ake dafa wa, wace tukunya ce mafi girma, me ke ba su wahala a kicin na yanzu. Takarda ɗaya irin wannan ta fi hotuna ɗari daraja, domin da ita ake gane mai zane na gaske. Wanda ya karanta ta ya yi tambayoyi, ya nemi ganin inda ake girkin, shi ne abokin aiki. Wanda ya ture ta ya buɗo kundin hotunansa, kaya yake talla.

Akwai masu cewa ɗaukar mai zane ɓarnar kuɗi ce, kafinta da mai tayil sun wadatar. Idan canza ƙofofin kabad ne kawai, maganarsu tana kan hanya. Amma da zarar aikin ya kai ga fasa bango, sauya hanyar ruwa ko ƙara wayar lantarki, lissafi ya canza. Bangon da ake son rushewa don kicin ya haɗe da falo yana iya zama shi ke ɗauke da nauyin bene, kuma ba a gane haka da ido. Najeriya tana da hukumomin rajistar masu wannan sana'a: ARCON ta masu zanen gine-gine, COREN ta injiniyoyi, CORBON ta magina. Tambayar mutum lambar rajistarsa ba cin fuska ba ne. Haka batun gas: iskar da ke cikin tukunyar kilo 12.5 ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, idan ta tsiyaya ƙasa take kwanciya ta taru. Rufe tukunyar a cikin kabad marar kafar iska don kada ta ɓata ado wasa ne da rayukan yaran gida. Wurinta waje ne, a inuwa, inda iska ke ratsawa, kuma wannan shawara ce ta ranar zane.

Kuskure na biyu ya fi na farko yaɗuwa: aikin miliyoyi a kan maganar baka. Ɗan kwangilar ƙanin abokin aiki ne, ko ɗan unguwa ne da ake sallah sahu ɗaya da shi, sai kunya ta hana a ce ya rubuta. A ba shi rabin kuɗi ko fiye a matsayin kafin alƙalami, ya fasa tsohon kicin cikin kwana biyu, daga nan wayarsa ta fara shiga ba a ɗauka. Iyali su koma girki a tsakar gida wata uku, zumuncin da aka ji tsoron ɓatawa da takarda kuma ya mutu a gaban mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Ita kanta gwamnati, a dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007, ta fara ne da ƙayyade kuɗin somin aiki a kashi 15 cikin ɗari, kuma sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Ma'aikacin da ya san wannan a ofis, ya dawo gida ya miƙa kashi 60 ba tare da rasit ba, ba amana yake nunawa ba, sakaci ne. Musulmi kuma ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Rubutu bai taɓa zama zargi ba.

Yarjejeniyar ba sai ta yi kauri ba. Ta ƙunshi zane mai awo wanda ɓangarorin biyu suka sa wa hannu. Jerin kaya da sunansu, kaurinsu da adadinsu, domin kalmar "mai kyau" ba awo ba ce. Ranar farawa da ranar gamawa. Biya kashi-kashi bayan an ga kowane mataki ya kammala. Da wani kaso, galibi 5 cikin ɗari, da za a riƙe na wasu watanni har a tabbatar famfo ba ya yoyo, ƙofofi ba su karkace ba. A rubuta wanda zai ɗauki nauyi idan farashi ya tashi, domin tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda kuɗin kayan da ake shigowa da su ke sauyawa tsakanin ƙiyasi da saye. A rubuta kuma cewa duk canjin da aka nema a tsakiyar aiki sai an amince da kuɗinsa kafin a taɓa shi. Wannan sharaɗi ɗan kwangila yake karewa, don masu gida ma ba su da tsarki: da yawa sukan sauya ra'ayi sau uku, sannan su zargi ma'aikaci da jinkiri.

Kafin zaɓe, a karɓi ƙiyasi daga mutum uku a kan zane ɗaya da jerin kaya ɗaya, in ba haka ba babu abin da ake kwatantawa. Wanda farashinsa ya faɗo ƙasa da na sauran nesa, a tambaye shi abin da ya cire, don araha ba ta ado. Kuma kada a tsaya ga aikin da ya gama jiya. A nemi ganin kicin da ya yi shekara biyu ana girki a ciki, a buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a tambayi matar gidan.

Babu laifi a son kyakkyawan kicin, babu kuma laifi a yi biyu, na ciki da na waje, idan da hali. Laifin shi ne a zuba dukiya a wanda ake nunawa, a bar wanda ake ci daga gare shi babu famfo, babu fitila, babu inuwar kirki. Duk wanda ya ware kuɗin gyara, ya fara zagayawa bayan gida da takarda da biro, ya tambayi mai riƙe da muciya abin da take buƙata, kafin ya kira kowa.