SHARHI: Bakin Majinyaci Shi Ne Ma'aunin Ciwo Mai Daɗewa

A duk asibitin shan magani da ke mazaɓun Ƙaramar Hukumar Kafin Hausa, daga Bulangu zuwa Sarawa, daga Mezan zuwa Zago, akwai littafin rajista da ake rubuta sunan majinyaci da cutarsa da maganin da aka ba shi. A ƙarshen wata a tattara alƙaluma a aika sama. Sai dai akwai tambaya guda da littafin ba ya amsawa: shin wanda aka ba maganin ya samu sauƙi?

Ga mai zazzaɓin cizon sauro, gwajin jini yana nuna gaskiya. Ga mai hawan jini akwai na'urar awo. Amma ciwon baya da na gwiwa da sanyin ƙashi ba su da na'urar da ke auna zafinsu. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta na cututtuka da ya fara aiki a shekarar 2022, ta ɗauki ciwon da ya wuce wata 3 a matsayin lalura mai zaman kanta. Alƙaluman da ta fitar sun nuna cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya. Mu nan ƙasar Haɗejia ba sai an faɗa mana ba. Manomin da ke wuni a sunkuye yana dashen shinkafa a fadama, da uwar da ke daka da ɗaukar ruwa da goyo, da mai fama da amosanin jini, duk sun san wannan ciwo.

Abin da ƙwararru ke kira rahoton majinyaci kan halin da yake ciki ba wani abu ne mai wuya ba. Tambayoyi ne da ake yi masa iri ɗaya duk zuwan da ya yi, a rubuta amsarsa kamar yadda ya faɗa. A Amurka, a shekarar 2009, an fito da wani ma'auni mai tambaya 3 domin ƙananan asibitoci: a makon da ya wuce yaya tsananin ciwon yake, yaya ya hana ka jin daɗin rayuwa, yaya kuma ya hana ka harkokin yau da kullum? Kowace amsa daga 0 zuwa 10 take. Idan jimlar ta ragu da kashi 30 cikin ɗari, ana ɗauka magani ya yi aiki. A wannan shekarar kuma Ingila ta fara tambayar waɗanda aka sauya wa gwiwa ko ƙugu kafin aiki da bayansa. A nan gida, masana ilimin gashin ƙashi na Jami'ar Bayero ta Kano sun mayar da wasu daga cikin irin waɗannan tambayoyi zuwa Hausa, sun kuma jarraba su a kan masu ciwon baya. Ke nan harshe ba zai zama uzuri ba.

Amfanin farko shi ne kare majinyaci daga illar magani. Wanda bai samu sauƙi ba, kuma ba wanda ya tambaye shi, kemis yake komawa ko wurin mai tallar ƙwaya ranar kasuwa. Yawan shan diclofenac da ibuprofen na tsawon lokaci yana ƙwarzanar ciki, yana kuma lahanta ƙoda, a yankin da cutar ƙoda ta daɗe tana damun jama'a. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2018 ya gano mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan magunguna irin su tramadol ba bisa umarnin likita ba. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa ba mai daɗaɗɗen ciwon baya irin waɗannan ƙwayoyi, a fifita wayar da kai da motsa jiki. Idan kati ya nuna mutum ya zo sau 3 lambarsa ba ta sauka ba, ma'aikaci zai san lokaci ya yi da za a sauya hanya ko a tura shi Babban Asibitin Kafin Hausa ko na Haɗejia.

Amfani na biyu na mahukunta ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko. Kansila ko kwamitin raya mazaɓa da ya san garin da masu ciwo ba sa samun sauƙi ya fi iya neman ma'aikaci ko kayan aiki da hujja.

Akwai ƙalubale, ba shakka. Al'adarmu tana yabon dauriya, dattijo zai ce “da sauƙi” alhali bai rintsa ba. Mace kan yi shiru saboda kunya, mai rakiya ya amsa a madadinta. Da yawa kuma ba su saba kwatanta ciwo da lamba ba. Maganin wannan shi ne a tambayi aiki: Baba, kana iya ruku'u da sujada ba tare da zama ba? Inna, kina iya ɗaukar tulu? Dare nawa ciwo ya tashe ki a makon nan? Ana iya zuba ƙwayar wake 10 majinyaci ya ware gwargwadon zafin da yake ji. A bar shi ya amsa da bakinsa, a rubuta a katin da ake da shi, ba sai an ƙara wa ma'aikaci sabon fom ba.

Saboda haka muna kira ga jami'an lafiya da su fara da tambayoyin nan 3, shugabannin sashen lafiya kuma su riƙa duba amsoshin a taron wata-wata. Su ma jama'a su sani cewa ɓoye ciwo ba jarunta ba ce. Wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, kada ya jira wata ranar, ya garzaya babban asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.