HIRAR ZAURE: Kallon Birnin Zazzau da Ɗan Guzuri



Wata uwa ta rubuto mini daga wajen Kudan. Ta ce ɗanta ya dame ta da maganar samarin Turai waɗanda sukan goya jaka, su tafi tsofaffin birane kamar Rum da 'yan kuɗi kaɗan, su yi kallo, su yi abokai. Yanzu shi ma ya ce ba zai zauna ba sai ya ga duniya. Ta ce, "Malam, mu da abin hannunmu bai wuce na taki da kuɗin makaranta ba, yaya zan yi da shi?"

Uwargida, ki tambaye shi ƙofofin birnin Zariya guda nawa ya taɓa shiga. Na tabbata zai yi shiru. Yawancinmu mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan ba mu san Zariya ba sai asibiti, da kasuwar Sabon Gari, da tasha. Birnin kansa mukan wuce shi daga nesa. Waɗansu ma tun rikicin 1987, wanda ya tashi daga Kafanchan ya iso Zariya, suka ce wa 'ya'yansu, "Cikin birni ba wurin zuwanmu ba ne." 'Ya'yan kuwa sun girma, sun gaya wa nasu 'ya'yan haka. Ban raina tsoron kowa ba, gama wanda ya taɓa ganin maciji, igiya ma tsoro take ba shi. Amma bari in ba ku labarin tafiyata da jikana, mai shekara 14, a watan Janairu 1 ga sabuwar shekarar 2023 da 'yan kwanaki, bayan mun gama kai amfanin gona gida.

Kuɗin da ke hannuna na raba su kashi uku tun a gida. Kuɗin komowa na ƙulle su dabam a aljihun ciki, na ce ko da wasa ba a taɓa su. Kakarsa ta soya mana gyaɗa, ta ba mu ƙuliƙuli da mazarƙwaila da gorar ruwa. Na kuma karɓi takarda daga hannun pastonmu zuwa ga wani ɗan'uwa a Wusasa, domin mu kwana a gidansa. Wannan tsohuwar al'ada ce ta masu bi, ban san abin da ya sa muka yar da ita ba. Da sassafe muka shiga mota, muka bi ta Maƙarfi, muka fito Tashar Yari a kan hanyar Kano, kafin hantsi ya dubi ludayi muna Kwangila. Daga nan muka hau keke mai ƙafa uku har Ƙofar Doka. Saura duk da ƙafa muka yi. Wanda ya zauna cikin mota ba ya ganin gari, sai ƙeyar direba.

A bakin ƙofa yaron ya riƙe mini hannu, ya ce, "Kaka, an ce fa mu ba ma shiga nan." Na ce masa, "Wa ya ce? Zo mu gani."

Ganuwar ta zaizaye ƙwarai, waɗansu wurare ma an cinye ta da gine-gine. Duk da haka in ka tsaya gindin abin da ya rage, ka tuna da hannu aka kwaɓa ƙasar nan aka kewaye gari wajen mil tara ko goma, jikinka zai yi sanyi. Mutane sukan jingina ta ga Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, sukan ce kuma sunan ƙanwarta Zariya garin ya ci. Na sa yaron ya haddace ƙofofin da muka ji sunayensu: Doka, Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima, Jatau, Kibo. Ya fi ni saurin riƙewa.

To, sai muka ɓata. Na ce na san hanyar Fada, ashe sanin shekara talatin da suka wuce ne. Muka yi ta shiga lungu muna fita lungu, ana cikin haka silifan yaron ya tsinke. Ga wani zaure, ga dattijo zaune kan tabarma yana ɗinkin wuyan babbar riga. Na yi sallama, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, baƙi ne mu daga Ikara. Hanyar Fada muke nema."

Bai yi maganar hanya ba tukuna. Ya sa aka kawo ruwa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi tumatirin bana. Sa'an nan ya miƙa hannu ya ce, "Kai ɗan samari, kawo takalmin nan." Ya ɗauki basilla da zare mai kauri ya kama ɗinki, yana tambayar yaron sunansa. Yaron ya dube ni. Na ce, "Faɗa masa mana." Ya faɗa. Sunan kuwa na manzanni ne, ba wanda zai ji shi bai gane ko mu su wane ne ba.

Dattijon bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Af, ashe 'yan Mishan ne ku. Ai ni a asibitin Wusasa aka ɗora mini ƙafar nan ina yaro, na faɗo daga kan mangwaro." Ya ja wando ya nuna wa yaron tabon. Ya ce, "Kai ma da ganinka ka san kan mangwaro." Yaron ya fashe da dariya, shi ke nan hannuna ya huta.

Na ciro kuɗi domin ɗinkin, ya ɓata rai ya ce, "Haba Malam, zagina za ka yi?" Na ji kunya. Sai na tuna da mazarƙwaila, na miƙa masa dunƙule biyu. Wannan kam ya karɓa da hannu biyu, ya ce rabonsa da ta Maƙarfi ya daɗe. Baƙo ya lura da wannan: abin gonarka yana shiga inda kuɗi ba sa shiga.

Ya naɗe rigar, ya ce shi zai raka mu. A hanya ya ba mu tarihi fiye da wanda na koyar a aji shekara da shekaru. Ya ce gidajen sarauta huɗu ne a Zazzau, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ya gaya mana yadda Sarki Makau ya fita zuwa kudu a zamanin jihadi, har ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja ta farko a 1828, wadda ake kira Suleja yanzu. Muka tsaya muka kalli Ƙofar Fada da zane-zanenta masu launi, da dogarai cikin ja da kore. Na hana yaron ɗaukar hoto sai da Malam ya tambayar mana izini.

Da aka kira azahar ya shiga Masallacin Juma'a, mu kuwa muka zauna a inuwa muna jiransa, muna cin gyaɗarmu. Ba wanda ya ce mana kanzil, sai masu wucewa da ke cewa sannunku. Da ya fito ya kwatanta mana cikinsa. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara kaɗai. Azara ake jerawa, kowace tana ɗan wuce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a yaɓe, har hannu biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Daga baya aka yi ginin siminti aka rufe tsohon a ciki. Wanda ya je gidan tarihi na Jos zai ga kwatancinsa da aka gina a can.

Da yamma muka isa Wusasa, gindin dutsen Kufena. Kashegari mai masaukinmu ya kai mu majami'ar Bartalamawas Mai Tsarki, ita ma ginin ƙasa ce irin ta Hausa. Jikana ya ɗaga kai ya ce, "Kaka, ga bakan gizon da Malam ya faɗa!" Na gaya masa Likita Mila ya zauna cikin birni tun 1905, a Durumin Maigarke, sai a 1929 mishan ta koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda ya sha wahalar fassararsa tare da abokan aikinsa. A nan Yakubu Gowon ya tashi, wanda ya shugabanci ƙasa daga 1966 zuwa 1975. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne da ya ji labarin ya komo ƙasarmu. Isawa sun zo wurin Mila a 1913, aka kafa musu ƙauye a Gimi, nan ƙasar Maƙarfi, kafin ciwon barci ya watsa su, waɗansu suka koma Zariya. Ya ce, "Gimi ɗin da muke ji kullum?" Na ce ita fa.

Muka tashi da rana tsaka, gama ba na yarda dare ya same ni a hanya, kada ku ma ku yarda. Kuɗin komowa suna nan yadda na ƙulle su.

Ran Juma'a 11 ga Agusta na shekarar 2023, muna jin rediyo da dare, aka ce wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar la'asar, an rasa rayuka. Kafin in buɗe baki yaron ya ce, "Kaka, Malam fa?" Ba mu karɓi lambar wayarsa ba, wautar da har yau nake jin haushinta. Daren nan jikana ya sa sunansa cikin addu'ar iyali, ba wanda ya ce masa ya yi. Ran Litinin muka kama hanya, wannan karon shi ne a gaba, bai ɓata ko lungu ɗaya ba. Muka tarar da Malam a zaurensa da ransa da lafiyarsa, amma ya yi rashin maƙwabci. Muka yi masa ta'aziyya, muka zauna shiru tare da masu zaman makoki. Da za mu tashi ya dubi ƙafar yaron ya ce, "Ɗinkina bai sake ba?"

Uwargida ta Kudan, daga Hunkuyi zuwa Ƙofar Doka ai kusa ne. Ki bar shi ya je, ki haɗa shi da babba guda, ki ƙulla masa abin gonarku a jaka.