A KAWO ILMIN CINIKI KASUWAR MAKARFI

Yanzu manyan jami'o'in Amurka da na Ingila sun duƙufa wajen binciken yadda ake ciniki a ƙasashe irin namu, waɗanda suke kira masu tasowa. Suna turo ɗalibai, suna buga littattafai, gama sun hango riba. Mu ba mu ƙi ba. Amma muna tambaya: mu da muke da kayan, yaushe za mu san nauyinsa?

Jama'a, ku dubi ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan. Rake yana fita daga Makarfi mota mota zuwa garuruwa masu nisa. Tumatir da barkono da albasa da masara suna fita daga Hunkuyi da Saulawa. Duk da haka talaka ya kan sayar da hatsinsa da kaka a wulaƙance domin biyan bashi, da bazara kuma ya komo ya saye shi da tsada. Tun 1981 aka kafa masana'antar tumatir a Ikara, ta yi shekaru da yawa a rufe, alhali tumatir yana ruɓewa a bakin hanya. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har Gwamnatin Kaduna ta yi shelar ta-ɓaci. Kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, mai gona kuwa ya tashi hannu wofi. Waɗannan duka al'amuran ciniki ne: farashi, da bashi, da ajiya, da kuɗin mota.

Ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, kusa da mu ƙwarai. An buɗe ta a 1962, ta gaji makarantar koyon aikin mulki ta Kongo da gidan binciken noma na Samaru, wanda ya faro tun 1922. Ta kuwa taɓa nuna abin da bincike ya kan yi in ya sauka ƙasa. A 1966 da 1967 Bature David Norman da ma'aikatansa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi shekara guda, suna rubuta aikinsu da abin da suka samu. Da ma ana cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya jahilci ne. Lissafi ya nuna talaka ne mai gaskiya: haɗin ya fi kawo amfani a eka, ya kuma fi tsare gida in damina ta yi gardama. Ashe mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo.

Haka a Bangaladash. A 1976 malamin jami'a Muhammad Yunus ya shiga ƙauyen Jobra da ke maƙwabtaka da makarantarsa, ya tarar mutum 42 suna hannun masu ba da bashi da ruwa saboda dala 27 kacal. Daga nan bankin Grameen ya fito a 1983. Gani ya kori ji.

To, abin da aka yi wa gona, shi mu ke so a yi wa kasuwa. Ga abin da mu ke nema.

Na ɗaya, kada a ba ɗalibin ciniki takardar shaida sai ya zauna kasuwa ɗaya daga kaka zuwa bazara, ya rubuta farashin buhu da kwando kowane mako, da la'adar dillali, da harajin da a ke karɓa a hanya.

Na biyu, a koyar da misalan gida. Yadda Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya shimfiɗa cinikin goro da gyaɗa bisa amana, da yadda mata ke riƙe adashi ba takarda, darasi ne da bai gaza na kamfanonin Landan ba.

Na uku, duk abin da aka gano a mayar wa masu shi da Hausa, a rediyo da bakin kasuwa. Binciken da ya kwanta cikin kabad da Turanci bai rage wa kowa bashi ba.

Na huɗu, Gwamnati ta ware kuɗin wannan aiki a fili, ta daina kafa masana'anta kafin ta san wanda zai kawo mata kaya da wanda zai saya.

Da kuɗin talakawa aka gina jami'a, 'ya'yansu ne kuma ke cikinta. Idan ba mu auna kasuwarmu da kanmu ba, lalle baƙo zai auna mana ita, da mudunsa kuwa zai auna.