Ɗakin wasan gem a Bauchi: A auna zafi kafin a sayi na'urar sanyi

Ma'aikata da dama da ke aiki a Abuja suna da gini a gida Bauchi, kuma wasu daga cikinsu kan ware ɗaki guda don wasan gem. Wani yana yi ne domin 'ya'yansa su rage yawon gidajen wasa na cikin gari, wani kuma yana hangen 'yar sana'ar da za ta tallafi gida bayan ritaya. Ko a kewayen barikin sojoji na Shadawanka ne ko a wata unguwar, matakin farko kusan ɗaya ne: a tura kuɗi daga Abuja, a ce a sayo iyakwandishan a kafa. A ganina nan ne ake barin hanya. Girman ɗaki kaɗai ba ya faɗin na'urar da ta dace da shi. Abin da ke cikin ɗakin da irin wutar da gidan ke samu su ne ma'auni.

Dalilin a fili yake. Duk wutar da na'ura ta sha a cikin ɗaki tana komawa zafi ne a cikin wannan ɗakin. PlayStation 5 kan ja kimanin wat 200 idan ana tsakiyar wasa, babban talabijin kuma kusan wat 100. Jikin mutum ma murhu ne, domin ko a zaune yake yana fitar da zafin da ya kai wat 100 ko fiye, balle matashin da ke tsalle yana ihu don an zura ƙwallo.

Mu ɗauki ɗaki mai mita 4 a faɗi da mita 5 a tsawo. Da ɗakin kwana ne, na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi za ta wadatar, wato mai BTU 12,000 kamar yadda ake rubutawa a jikin kwali. BTU ma'aunin zafin da na'ura ke iya kwashewa ne a cikin awa guda, kuma wat ɗaya daidai yake da BTU 3.4. To a zuba na'urorin wasa huɗu da talabijin huɗu: wat 1,200 ke nan, sama da BTU 4,000. A ƙara matasa goma, su ma kusan BTU 4,000. Ɗakin da ake zaton na 12,000 ne ya koma na 20,000, ya ma zarce ƙarfin mai doki biyu, wadda ke tsayawa a 18,000. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi kan doshi digiri 40, ƙaramar na'ura za ta wuni tana gurnani ba hutu, ɗakin bai yi sanyi ba, kuma kwanan injinta na raguwa.

Wani zai ce ai sai a sayi mafi girma a huta. Wannan ma ba mafita ba ce. Na'urar da ta fi ƙarfin ɗaki kan sanyaya iska cikin 'yan mintoci ta mutu, ta sake tashi, ba ta daɗe tana aiki yadda za ta tsotse danshi ba. A watan Agusta, tsakiyar damina, sai a samu ɗaki mai sanyi amma da laima, kuma laima abokiyar gabar kayan lantarki ce. Tunda yawan masu wasa na hawa da sauka, ƙananan na'urori biyu sun fi babba guda: idan yara uku ne a kunna ɗaya, idan ɗaki ya cika a kunna duka.

Sai batun aljihu. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya ya tsaya a naira 209.5 a watan Yuli. Na'urorin sanyi biyu da kayan wasan da muka lissafa za su ja kusan kilowat 3.4 idan suna aiki gadan-gadan. Awa shida a rana, a wancan farashi, ya kai kimanin naira 128,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a wannan shekarar naira 70,000 ne. Wanda layinsa ba na rukunin A ba ne yana biyan ƙasa da haka, amma awannin wutarsa sun fi kaɗan, sai ya jingina da janareta, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023. Ba a kuma manta da Oktoban 2024 ba, sa'ad da yawancin Arewa, har da Bauchi, ta shafe fiye da mako cikin duhu. Na'urar da ba ta infata ba kan fizgi wuta ninkin abin da take sha a lokacin tashi, don haka janaretan da bai kai ba sai ya shaƙe.

Ɗumama ɗaki kuwa ba ya buƙatar ko sisi. A sanyin Disamba da Janairu zafin na'urori da na jikin mutane ya isa. Abin tsoro a hunturu shi ne ƙurar da ke toshe matatar iyakwandishan da kafofin iskar na'urorin wasa, sai kuma kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Shi da hayaƙin janaretan da aka ajiye dab da taga suna fitar da iskar da ba ta da wari ko launi, amma tana kashe mutum ba tare da ya farga ba.

Saboda haka a fara da rage zafin tun daga gini: silin mai kauri a ƙarƙashin kwano, rumfa ko bishiya a bangon yamma, labule mai nauyi, da toshe ƙasan ƙofa. Sannan mai gida ya zauna da mai haɗa na'ura da takarda a hannu, a ƙirga mutane, a ƙirga na'urori, a duba ƙarfin janareta da lissafin wata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan lissafin ya fi ƙarfin albashi, a rage yawan talabijin, kada a rage ƙarfin na'urar sanyi.