Hira a Gindin Gawo: Musanyar gida, wane gari, wane wata?

 

Wata takarda ta zo mana daga wajen Garhanga, cikin ƙasar Keita. Mai takardar manomi ne, magidanci, da mace ɗaya da ɗiya 5. Ya ce ƙanensa malamin lakkol ne a Yamai, kuma yana da wani ɗan baffansa mai shago a Maraɗi. Kowanensu ya yi masa magana iri ɗaya: ka kwaso iyalinka ka zo ka zauna gidana wata 2 ko 3, ni kuma in kawo nawa su zauna naka, yara su san ƙauye, su san dangi. Yana tambaya wane gari zai zaɓa, kuma wane wata ya dace. A ƙasan takarda ya ƙara da cewa surukinsa na Kano ma ya ce ƙofa buɗe take.

To, ɗan'uwa, mun gode da takarda. Abin nan ba baƙo ba ne a duniya. A Turai malaman lakkol ne suka faro shi a 1953. Suna da dogon hutu, albashi kuwa bai isa kama ɗaki a otel ba, sai wannan ya ba wancan mabuɗin gidansa, kowa ya je ƙasar ɗan'uwansa ya huta ba tare da kuɗin haya ba. Yau har ta intanet ake ƙulla shi. Amma su abin ya zo musu da sauƙi, don lokacin hutunsu ɗaya ne. Ranar da wannan ya fita, ranar wancan ma yake fita.

Mu nan Adar lissafin daban ne. Ƙanenka ba ya samun sararin wata 3 sai babban hutu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, don a Oktoba ake komawa karatu. Kai kuwa ina kake a Yuli? Kana gona. Noman fari ne, sai maimai, kafin ka miƙe baya hatsi ya nuna, an shiga yanka da roron wake. Manomin da ya bar gonarsa cikin watannin nan ya tafi Yamai kallon kogi, ya riga ya san abin da zai tarar cikin rumbu. Kada ka ce ƙanenka zai riƙe maka gona. Mutumin da ya shekara 15 yana riƙe da alli, noman kwana 3 ya ishe shi, hannu ya kumbura, sauran aikin sai ƴan ƙwadago, kuma kuɗinsu daga aljihun wa?

Akwai abu na biyu da mutanen birni ke mantawa. Watannin hutunsu su ne watannin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi kuma ta hau a kasuwa. Baƙi 6 ko 7 su sauka gidan manomi a Agusta ba ƙaramin nauyi ba ne, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Sannan ga sauro. Yaron da ya tashi a ɗaki mai raga a taga, in ya zo kwarinmu da damana, zazzaɓi na iya kayar da shi cikin mako 2. Ga ƙoramu kuma: duk wanda ya san hanyoyin Buza da Keita ya san ruwan dare ɗaya na iya tsare mota yini guda a bakin kwari, da marar lafiya a ciki.

Saboda haka da ƙanenka na Yamai, shawarata a raba abin biyu. Shi ya zo da damana kana nan, ya zo da buhunsa na shinkafa ko masara, da gidan sauro ga kowane yaro, ya kuma kai ƙananan a ba su maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 a watannin ruwa. Zai ga abin da bai taɓa gani ba in rani kaɗai ya saba zuwa: layukan dogon yaro na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 don tare iska, da hatsi kore a tsakaninsu, da tuddan Keita da iyayenmu mata suka jera wa duwatsu tun da aikin raya ƙasar ya kama a 1984. Kai kuma ka je masa wani lokaci yana nan. Wannan ba musanyar Nasara ba ce, ziyara ce irin tamu, amma ita ce kalandarku ta yarda da ita.

Musanya ta gaskiya, wadda kowa ke barin wa ɗan'uwansa gida, da ɗan baffanka na Maraɗi take yiwuwa. Shi ɗan kasuwa ne, lakkol ba ta ɗaure shi ba. Yana iya kawo iyalinsa, ya bar yaron shago, ya riƙa leƙawa. Lokacin kuwa ɗari ne: daga ƙarshen Nuwamba, bayan an ɗaure dammuna, an rufe rumbu, an ɗora harawa da kara a sama, har zuwa ƙarshen Fabrairu. Hanya ta bushe, sauro ya ragu, abinci ya yi araha, dare na kwanciya ne. Abu ɗaya kawai: in cikin ɗiyanka akwai masu zuwa lakkol, su ba su tafiya. Wata 3 a tsakiyar shekarar karatu ya isa ya mayar da yaro baya aji guda. A bar su hannun kakarsu, su bi ku da ɗan hutun ƙarshen Disamba. Shi ma ɗan baffanka ya yi wannan lissafin a kan nasa.

Me ya sa na ce ƙarshen Fabrairu, ban ce Mayu ba? Don bazara a birni azaba ce. Afrilu da Mayu zafi na wuce 40, ɗakin kwano ya zama tanda, wuta na ɗaukewa, famfo na yin shiru. Kuma lokacin sanƙarau ne, shi kuwa cunkoso yake so. Ba mu manta da annobar 2015 ba, wadda ta fi tsanani a Yamai. Can gida kuma aiki na jiranka: yaɓen ɗaki da na rumbu, kai taki, sassabe, gyaran jerin duwatsun da ruwan bara ya watsa.

Ni wannan darasi da kaina na biya kuɗinsa. Wata shekara na je Yamai wajen wani ɗan'uwa, zama ya yi daɗi, na ce ai ruwan shuka ba ya zuwa mana sai Yuni ya yi nisa. Sai ga saƙo: an yi ruwa daren jiya, gari duka ya fita shuka. Kafin in sami mota, in kwana a hanya, in iso, kwana 4 sun wuce, ƙasa ta sha iska. Na zauna jiran ruwa na biyu fiye da mako 2. A shekarar damana ta ɗauke da wuri. Maƙwabtana suka yanki hatsi, ni na yanki kara. Har yau in na wuce, akwai tsohon da ke tambayata lafiyar mutanen Yamai.

A duba azumi kuma. A 2025 ya kama a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, ke nan a shekarun nan cikin ɗari yake faɗawa. Azumi a birni kashe kuɗi ne, kuma magidanci ya fi son salla ta same shi a garinsu. Ka ƙirga kwanakinka da watan sama, ba da kalandar bango kaɗai ba.

Ku kuma ƴan'uwa masu garkar albasa na kwarin Tarka, mutanen Madawa da Sabon Gida da Galma, wannan magana ba taku ba ce. Ɗarin da na ce wa mutumin Garhanga lokacin hutu, ku lokacin dashe da ban ruwa ne. Sararinku ɗan kaɗan ne, tsakanin tonon albasa da ruwan fari, kuma shi ne mafi zafi. Ga albasa cikin rudu tana son mai duba ta, a tsince wadda ta ruɓe kafin ta ɓata sauran. In za ku je, mako 2 ya isa.

Yanzu maganar gari.

Maraɗi wajen kilomita 150 ne daga Madawa, kan kwalta. In an kira ka a salula an ce saniya ta ƙi cin abinci, ko tsohuwa ba ta jin daɗi, yini guda ka iso gida. Harshe namu ne, tuwo da fura irin namu ne, uwargida ba za ta zama kurma cikin maƙwabta ba. Kuma gari ne na kasuwa. Mutum mai ƙarfi ba ya rasa abin taɓawa, ko dako, ko gini, ko ɗan talla, ya samu na cefane ba tare da ya taɓa kuɗin wake da ya zo da su ba. Ga wanda bai taɓa fita da iyali ba, ban ga garin da ya fi shi ba.

Yamai ta wuce kilomita 500 daga Madawa. Tana da manyan likitoci, ofisoshin takardu, kogin Kwara, gadar Kenedi da aka buɗe a 1970, da gidan tarihi na Bubu Hama inda yara za su ga dorina da kada ido da ido. In kana da marar lafiya da aka ce sai babbar likita, ko takardar da ta maƙale, to Yamai ce, kuma ɗari ne lokacinta. Amma in hutu kawai ne, ka sani can komi saye ne: itace, ruwa, kuka, har zuwa gaisuwa sai ka biya mota. Hausa na ci a kasuwar Katako da ta Wadata, sai dai a wasu unguwanni maƙwabta Zabarmanci suke yi. Kuma tunda ƙanenka yana nan bai fita ba, gida biyu ne za su taru cikin ɗaki 2 ko 3. Baƙo raɓa ne. Wata guda ya wadatar.

Kano kuwa tana jan ido. Tun 2023 naira ta faɗi, sefa na sayen kaya da yawa a can, kuma duk macen da ta ji labarin atamfar Kantin Kwari za ta so gani. Amma tsakaninka da gidanka akwai iyaka, ita kuwa iyaka ba ta shawara da kowa. Dattawanmu sun tuna korar baƙi ta 1983. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Ƙasarmu kuma ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025, saboda haka kada kowa ya tsallaka ba da cikakkun takardu ba. Ga ƴan bindiga da suka addabi wajen Bangi da Sabon Birni da Jibiya a shekarun nan. Namiji ɗan cin rani, da buhunsa a kafaɗa, yana iya bin dabara ya dawo. Mai mace da goyo da ƙananan yara ba ya iyawa. In dole ne ka gaida surukinka, ka je kai kaɗai daga Maraɗi, da rana, ta babbar hanya, ka yi mako guda ka dawo. Abijan ba zan ma tsaya kanta ba. Adarawa sun san ta fiye da ni, kuma sun san kuɗin motar mutum 7 zuwa can ya cinye rumbu.

Sauran maganar gidan da za ka bari, kuma nan ne zumunci ke ɓaci. Kafin ka tashi, ku zauna da ɗan baffanka gaban mai gari ko wani dattijon gidanku. A ƙirga dammunan hatsi. A ce wannan rumbu na ci ne, wancan ba a taɓa shi, iri kuma a kai shi ɗakin tsohuwa. A faɗi wanda zai ba dabbobi harawa da ruwa, a kuma faɗi yadda za a yi in akuya ta mutu ko ta haihu. Kada a ji kunya. Kunyar rana ɗaya ta fi gabar shekara 10 sauƙi. A gaya wa matarsa gaskiya tun tana Maraɗi: rijiya na da nisa, igiya doguwa ce, kuma injin niƙa ba kullum yake aiki ba. In ba ta iyawa, mijinta ya shirya kuɗin mai jaki da zai riƙa kawo ruwa.

Kai ma ka yi naka tambayoyin. Gidan nasa ne ko haya? In haya ne, mai gida ya sani, don kada ka kwana 10 a zo a ce ba a san ka ba. Ranar da ka shiga, ka sa a ɗauki hoton lambar ma'aunin ruwa da ta wuta da salula, ranar fita ma haka. Takardar kuɗin ba ta zuwa sai bayan ka koma gida, kuma yaran ƙauye in suka ga famfo ba su san rufewa ba. Ku yanke tun yanzu wanda zai biya. Ka tafi da buhun hatsinka da wakenka da kukarka, kuɗin motar dawowa kuma ka ɗaure shi daban, ka ba uwargida ta ɓoye, don shi ne ake fara ci.

Ke nan, mutumin Garhanga, amsarka Maraɗi ce, daga ƙarshen Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, ko kafin nan in azumi ya riga. Yamai wata guda wata shekara, in akwai dalili. In ka dawo ka rubuto mana yadda ka tarar da rumbu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.