Kafin a Zagi Iyayen da Suka Kai Ɗansu Gidan Mari

A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, har da yara, wasu da mari a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka fasa irinsa a Daura. Aka yi ta Allah wadai, aka kama masu gidajen, iyaye kuwa aka yanke musu hukunci da kalma guda: jahilci.

Wannan hukunci ya yi wa hukuma daɗi, domin ya sauke mata nauyi. Da yawa an kai su ne da sunan gyaran tarbiyya, amma sau nawa "kangara" take zama sunan da aka laƙaba wa larurar ƙwaƙwalwa da ba wanda ya duba tun yaro yana goye?

A ɗauki uwar da ɗanta ya shekara huɗu bai furta kalma ba, ko farfaɗiya take kayar da shi, ko wuyansa ya ƙi tsayawa tun da shawara ta kama shi a makon haihuwa. Irin wannan uwa takan fara da asibitin sha-ka-tafi na garinsu. A can za a ba ta maganin zazzaɓi, a ce ta yi haƙuri, zai yi magana in lokacinsa ya yi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna Barnawa, suna Kware, suna Maiduguri, kuma kuɗin mota kaɗai ya isa ya cinye abincin mako. Likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, masu kula da yara a cikinsu kuwa sun fi ƙaranci. Mai magani yana bayan gida. Zai saurare ta, ya ba ciwon suna, ya karɓi kuɗinsa kaɗan-kaɗan. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kuma ba rashin dabara ba ne. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda ke koya wa ma'aikacin lafiya na karkara gane farfaɗiya da jinkirin girma, ya yi maganin abin da zai iya, ya tura sauran gaba. Maganin farfaɗiya irin su phenobarbital yana cikin mafi arha a kanti. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

Sai dai ƙananan asibitoci a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma a kasafinsu ne za a ga ko an horar da ma'aikaci, ko an sayi ƙwaya. Gwamnan da ya rufe gidan mari ya bar asibitin ƙauye yadda ya same shi, ya mayar da yaron ɗakin bayan gida ne kawai, inda ba ɗan sandan da zai leƙa.