Jinjina ga Maƙeran Gaya, da Sauran Aiki a Gaba

Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya ya je Dutsen Dala neman tama, kuma daga gare shi birnin ya samo suna. Abagayawa ake kiran zuriyarsa. Jikokin wannan sana'a suna nan a Gaya da Ajingi, kuma sun cancanci a jinjina musu, domin sun riƙe wani ilimi da manyan masana'antu ke kashe kuɗi a kansa: ƙarfe ba ya son a sassaƙe shi, ya fi son a miƙar da shi.

Ka tsaya bakin maƙera gabanin damina. Tsohon sifirin na mota ya shiga wuta, yaro na zuga, awartaki ya ɗauko shi jawur, masaba ta yi ta bin sa a kan uwar maƙera har ya baje ya zama fartanya. Duba ƙasa, ba za ka tsinci abin kirki ba. Kusan duk abin da aka saya ya koma kaya.

Haka injin mulmula ƙarfe yake aiki a ƙasashen da ke ƙera bututu da tukwanen gas. Ana zura gajeren bututu mai kauri a jikin sandar ƙarfe mai juyawa, sai wasu tayoyin ƙarfe su matse shi suna tafiya da shi, kamar yadda maginiya ke jan yumɓu sama, ya tsawaita, bangonsa ya sirance. Ba a feƙe rabinsa ya zube, walda ta ragu, matsar kuma tana ƙara masa ƙwari. Nan ribar take.

To, amma 'yan uwana maƙera, guduma ba ta fitar da bututu, kuma ba ta fitar da kaya ɗari masu awo ɗaya. Wudil na nan kusa da ku, da jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001. Ku tura 'ya'yanku sashen injiniya, waɗanda suka san zafin ƙarfe tun suna zuga. Ku haɗa hannu a ƙungiya, domin injin ya fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, kuma sai an yi kaya da yawa yake mayar da kuɗinsa. A fara da ƙaramin injin murza faifan alminiyam ya zama tukunya da kwano. Malaman jami'ar su ma su fito daga aji su zo maƙera, shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi kuma su samar da fili da wutar lantarki mai ɗorewa.